An Ce Karatu Kyauta Ne, To Me Ya Hana 'Yar Talaka Zuwa Makaranta?

   

Yau za mu tattauna ne a kan wata tambaya da kusan kowace uwa ta taɓa yi wa kanta, ko da ba ta furta ba. Gwamnati ta ce karatun firamare da na ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma dole ne. To in haka ne, me ya sa da hantsi, lokacin da ya kamata a ce kowane yaro yana cikin aji, sai ki ji sallamar 'yan talla a tsakar gida, wannan da ɗan wake, waccan da gyaɗa? Me ya sa yara biyu za su fara makaranta a shekara ɗaya, amma bayan shekara shida ɗaya yana karanta wasiƙa tiryan-tiryan, ɗayan kuwa sunansa ma da kyar yake rubutawa?

Wasu za su ce ƙwaƙwalwa ce. Wasu su ce rabo ne, ai yatsun hannu ma ba daidai suke ba. Gaskiya ne Allah bai yi mu daidai ba wajen arziki, kuma mun yarda da hukuncinsa. Amma Allah bai ware basira ya ba gidan masu hali kaɗai ba. Yawancin bambancin nan da muke gani aikin hannun mutane ne: yadda ake raba kuɗin ilimi, da inda kuɗin yake maƙalewa, da nauyin da ake bar wa iyaye. Abin da hannun mutum ya karkata kuwa, hannun mutum yana iya miƙar da shi. Shi ya sa nake so yau mu bi sawun kuɗin nan tare, tun daga Abuja har zuwa ƙofar ɗakinki.

Bari mu ɗan waiwaya baya. Karatun boko a ƙasar Hausa ta ƙofar sarauta ya shigo. A shekarar 1909 wani Bature da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano, aka fara da 'ya'yan sarakuna da malamai. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito daga cikinta. Mu mata kuwa sai a 1930 aka buɗe mana makarantu na farko a Kano da Katsina, su ma daga gidajen sarauta aka fi ɗebo 'yan matan. Talaka a wancan lokacin yana gefe. Wani tsoro ya hana shi, yana ganin za a raba ɗansa da addini, wani kuma ko ya so babu makarantar a kusa da shi.

Sai a 1976 aka buɗe ƙofa ga kowa da shirin nan na UPE. Yara suka yi ta tururuwa, har suka fi ƙarfin azuzuwa da malamai. Da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, sai albashin malamai ya fara tsayawa, gine-gine suka fara lalacewa, aka dawo da karɓar kuɗaɗe daga iyaye. Daga nan ne masu hali suka fara zare 'ya'yansu suna kai su makarantun kuɗi. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da sabon shiri a Sakkwato, wato UBE, a 2004 kuma aka yi masa doka.

Uwargida, ki riƙe abin da dokar nan ta ce, domin haƙƙinki ne. Ta ce kowane yaro, mace ko namiji, zai yi karatu na shekara 9 kyauta: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ta ce duk wanda ya karɓi kuɗin makaranta a wannan mataki a makarantar gwamnati ya yi laifi, ana iya cin sa tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata 3. Haka kuma uban da ya ƙi kai ɗansa, shi ma akwai gargaɗi da tara a kansa. A takarda ke nan. Amma duk da wannan doka, a shekarar 2022 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 20 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya. Mafi yawansu a Arewa suke, kuma mafi yawansu 'ya'yan talakawa ne da mazauna karkara.

To ina gizo yake saƙar? Kun san murhu duwatsu uku ne, in ɗaya ya goce tukunya sai ta karkace. Haka makarantar gwamnati take zaune a kan duwatsu uku: gwamnatin tarayya, da ta jiha, da ƙaramar hukuma.

Dutse na farko, gwamnatin tarayya. Dokar 2004 ta ce a riƙa cire aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigarta a ba hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC. Daga ciki ne ake ware wa kowace jiha kason gina azuzuwa, da sayen benci, da haƙa rijiyar burtsatse, da gina makewayi. Amma da sharaɗi: sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta, sannan ta ɗauka. Kamar a ce ke da maƙwabciyarki kun yi shawarar haɗa kuɗi ku sayi injin markaɗe, ta ce ga rabinta a ƙulle a bakin zane, ranar da kika kawo naki sai a tafi kasuwa. In ba ki kawo ba, inji ba zai sayu ba, kuɗinta kuma yana nan ajiye. To haka jihohi da yawa suke yi. A shekarar 2024 hukumar UBEC da kanta ta bayyana cewa akwai sama da naira biliyan 100 na shekarun 2020 zuwa 2023 da ke jibge, jihohi ba su kawo nasu sun ɗauka ba. Kun ji inda rijiya ta bayar, guga ya hana. Yaro yana zaune a ƙasa a aji mara rufi, kuɗin rufin yana kwance a banki.

Akwai kuma wani abu a cikin rabon. Wannan kaso daidai wa daida ake raba wa jihohi. A 2024 kowace jiha an ware mata kimanin naira biliyan 3 da rabi. Jihar Kano mai miliyoyin 'yan firamare, da jihar da yaranta ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na Kano ba, duk abu ɗaya za su karɓa. Ke da kike rabon tuwo kin san wannan ba adalci ba ne. Ɗakin da ke da yara goma da ɗakin da ke da yara biyu, in aka ba su malmala iri ɗaya, a ido an yi daidai, amma wani ɗakin da yunwa zai kwana.

Dutse na biyu, gwamnatin jiha. Ita ke da hukumar SUBEB mai kula da firamare, ita ke riƙe da sakandare, ita ke ɗaukar malamai da tura su wuraren aiki. A 2015 ƙasashen duniya sun haɗu a birnin Incheon na Koriya ta Kudu, suka amince cewa ya kamata gwamnati ta riƙa kashe kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin da take kashewa a kan ilimi. Gwamnatin tarayyarmu ta shafe shekaru kasonta bai kai kashi 10 ba. Wasu jihohin sun yunƙura, misali Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma ta ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin 100 na kasafinta a 2024 da 2025. Wannan abin a yaba ne. Sai dai ku sani, warewa a takardar kasafi daban, sakin kuɗin daban, isarsa cikin aji kuma daban. Kamar maigida ne ya ce ya ware kuɗin cefane, ke dai ba za ki ɗora tukunya ba sai kin ga kayan miya a faranti.

Dutse na uku, ƙaramar hukuma. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Wato an ɗora nauyi mafi girma a kan dutsen da ya fi kowanne ƙanƙanta. Ga misali na kusa. A 2025, a Abuja kanta, fadar gwamnatin ƙasa, malaman firamaren gwamnati sun yi yajin aiki na fiye da wata uku, saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya su sabon mafi ƙarancin albashi da bashin da suke bi ba. Duk tsawon wannan lokaci 'ya'yan masu gadi da direbobi da 'yan tireda suna gida. 'Ya'yan da ke makarantun kuɗi kuwa ko kwana ɗaya ba su rasa ba. Da a ce 'ya'yan manya ne a waɗannan azuzuwan, kuna jin za a kai sati biyu ba a sasanta ba?

Nan ne zancen matsayi ya shigo, 'yan uwa. Yawancin waɗanda suke zama su raba kuɗin makarantar gwamnati, 'ya'yansu ba sa cikinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to mai rabon ba a ɗakin yake kwana ba. A da, ɗan hakimi da ɗan manomi da ɗan alƙali sukan haɗu a benci ɗaya, in malami bai zo ba a ranar maganar za ta kai fada. Yanzu an bar makarantar ga waɗanda muryarsu ba ta nisa.

Shi ya sa yau makarantunmu suka kasu hawa-hawa. A sama akwai manyan makarantun kuɗi, inda yara ba su da yawa a aji, kowa da kujerarsa da littafinsa, ga kwamfuta, ga mota mai ɗauko su. A tsakiya akwai ƙananan makarantun kuɗi na cikin unguwa, wani lokaci gidan haya ne aka yayyanka da falanki. A nan za ki sami 'ya'yan tela da ɗan acaɓa da ƙaramin ma'aikaci, suna ƙuntata wa kansu don su biya. Wasu daga cikin makarantun nan suna ƙoƙari ƙwarai, wasu kuwa yunifom ne kawai mai kyau, malaman ba su da horo, albashinsu bai taka kara ya karya ba. A ƙasa kuma ga makarantar gwamnati. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a biranenmu ba abin mamaki ba ne ki sami yara sama da 100 a aji ɗaya. Ki kwatanta da kanki: yara biyar ma in suka taru a tsakar gida yaya kike ƙarewa da su? To ina ga mace ɗaya da yara ɗari, kowa tana so ta duba littafinsa?

Ko a cikin makarantun gwamnatin ma akwai 'yan bora da 'yan mowa. Ta cikin birni, wadda ke bakin titi inda manya ke wucewa, ita ake fara yi wa fenti. Malamai kowa yana neman a bar shi a gari. Ta ƙauye kuwa sai ki sami malami ɗaya ko biyu suna riƙe da aji ɗaya zuwa shida. In yarinya ta gama firamare a can, ƙaramar sakandare tana wani gari mai nisa, ga halin tsaro da ake ciki a wasu yankunan. Wane uba ne zai saki 'yarsa budurwa ta bi daji ita kaɗai? Karatu ya tsaya ke nan.

Kuma shiga makaranta daban, samun karatu daban. Wani babban bincike da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya gano cewa a cikin yara masu shekara 7 zuwa 14, kusan ɗaya ne kawai cikin huɗu yake iya karanta ɗan gajeren labari ya fahimta. Wannan shi ne abin da ke karya wa iyaye gwiwa. Uba ya ga ɗansa ya shekara biyar yana zarya bai iya komai ba, sai ya ce gara ya bi ni kasuwa. A gaba kuma ga shingaye: kuɗin jarrabawar WAEC da NECO, ga ta JAMB wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba za a zaunar da shi gefen wanda ya tashi da ita a ɗakinsu, a ce to bismillah, a yi tsere. A 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗaliban manyan makarantu bashin karatu, kuma ya taimaki da yawa. Amma wannan sai wanda ya kai bakin ƙofar jami'a. 'Yar da ta tsaya a aji huɗu ba ta san ana yi ba.

Yanzu bari mu shigo cikin gida, inda kuka fi ni sani. An ce kyauta ne, amma wa ke ɗinka yunifom? Wa ke sayen takalmi da jaka da littattafan rubutu da fensir? Ga kuɗin tara kullum, ga kuɗin PTA, ga na jarrabawa, yau a ce a kawo tsintsiya, gobe a ce na alli. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin A Daidaita Sahu kaɗai ya ishi mai 'ya'ya shida tunani. Makarantar da gwamnati ba ta aiko mata kuɗin gudanarwa ba, hedimasta ba shi da inda zai juya sai wajen iyaye. Ga mai hali wannan canji ne. Ga wanda sai ya fita ya nemo za a ɗora tukunya, abincin kwana biyu ne.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta shi a ko'ina, kuma ya fi duka nauyi. Mace mai kulle ba ta zuwa kasuwa, amma tana sana'a: ƙuli-ƙuli, awara, alala, fura, ƙosai, ɗinkin hula. Yarinyarta ita ce ƙafarta. Ita ke sayo kayan haɗi, ita ke kai niƙa, ita ke fita da talla, ita ke karɓo bashi. Da ribar nan ake cike gibin cefane, a sayi sabulu da magani, a zuba adashi, a fara tara kwanuka da gado da katifa na ranar aure. Saboda haka in 'yar talaka ta tafi makaranta, uwarta sau biyu take biya: ta biya abin da makaranta ta nema, ta kuma rasa cinikin safe. Matar mai hali ba ta san wannan lissafin ba. Ni ban zo don in zargi kowa ba, na san babu uwar da ke son ganin 'yarta a tasha tsakanin 'yan kamasho. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: in abu ya yi tsanani aka ce a zaɓa, macen ake fara cirewa, a ce ai gidan wani za ta. In kuma ta fara girma, makarantar ba ta da makewayi mai ƙofa ko ruwa, duk wata sai ta yi fashin kwanaki, daga nan sai ta daina zuwa gaba ɗaya. Ita ma gobe ta zama uwar da ba za ta iya duba littafin ɗanta ba. Haka talauci yake zama gado.

Sau da yawa za ku ji ana cewa talakan Arewa ba ya son boko. Abin da aka gani a aikace bai goyi bayan wannan magana ba. Lokacin da jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a farkon 2016, yara sun yi ta kwarara har azuzuwa suka rasa wurin zama. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta fara nata shirin ciyarwar na 'yan aji ɗaya zuwa uku, wanda aka dakatar a farkon 2024. A jihohin Sakkwato da Neja kuma, daga 2014, an gwada ba iyaye mata naira 5,000 duk bayan wata uku a kan kowace yarinya, a ƙarƙashin wani shirin ilimin mata na UNICEF, kuma an ga 'yan mata sun ƙaru a makarantun da aka yi gwajin. Ku lura, a hannun uwa aka danƙa kuɗin, domin an san ita ce ke rasa cinikin talla. A 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE na karatun 'yan mata a sakandare, wanda ya fara da jihohi bakwai, ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, yana gyara makarantu yana kuma tallafa wa iyaye marasa ƙarfi. Darasin a fili yake: duk lokacin da aka rage wa talaka nauyi, da gudu yake kai ɗansa. Matsalar irin waɗannan shirye-shirye ita ce, wasu da kuɗin bashi ko na agaji ake yin su, wasu kuma in gwamnati ta canza sai su mutu.

To uwargida, na san kina cewa, ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa, me zan iya a kan biliyoyin Abuja? Akwai abin da za ki iya, kuma ba sai kin karya dokar maigida ba.

Na farko, ki zama mai tambaya. In yaro ya dawo, bayan ya ci abinci, ki ce: malam ya zo yau? Darasi nawa aka yi? Ku nawa ne a ajinku? A kan me kuke zama? Ki buɗe littafinsa ko da ba ki iya karatun boko ba. Jan biro dai kin san shi. In sati ya wuce babu sabon rubutu, babu alamar hannun malami, to akwai magana. Ki sa shi ya karanta miki da ƙarfi kina tankaɗe. Mai karatu da mai inda-inda, kunne yana rarrabewa.

Na biyu, in an aiko neman kuɗi, a tambaya na mene ne, wa ya yanke, kuma a nemi rasit. Gudummawar da iyaye suka zauna suka amince da ita don gyaran makarantarsu daban take da kuɗin da za a koro yaro gida a kansa. Korar yaro daga firamaren gwamnati don bai biya ba ta saɓa wa doka. Maigida ko wan yaron ya je ya yi magana cikin ladabi. Kada a je da faɗa, domin malamin nan shi ma sau da yawa abin tausayi ne.

Na uku, maganar talla. In ba za a iya barinta gaba ɗaya ba, a mayar da ita bayan an taso daga makaranta, a cikin unguwa, kuma a dawo kafin magariba. A duba sana'ar da masu saye za su riƙa aikowa har gida, yanzu ga waya a hannun kusan kowa. In kina adashi, ki roƙi uwar adashi ta sa kwasarki ta faɗo daidai lokacin komawa makaranta. Kayan ɗaki kuma a sassauta gasa. Kwano yana fashewa, katifa tana lotsawa, amma abin da yarinya ta sa a ka, ko aure ya mutu, ko miji ya rasu, yana nan tare da ita.

Na huɗu, ki sani kowace makarantar gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin al'umma mai sa ido a kanta, wanda ake kira SBMC, kuma a tsarinsa akwai kujerun mata. A wurare da dama akwai ƙungiyar iyaye mata. Ki bincika wace ce wakiliyarku. In ba za ki iya zuwa taro ba, saƙo yana zuwa: ta bakin malamar Islamiyya, ta bakin matar mai unguwa, ko a gidan suna da gidan biki inda muke haɗuwa. Koken mace ɗaya ana iya share shi, amma in mata talatin na unguwa suka aika da murya ɗaya cewa rufin aji uku ya yaye, mai unguwa da kansila sai sun motsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, ranar zaɓe layinmu ne ya fi tsawo. In 'yan takara suka aiko da atamfa da sabulu da taliya, a mayar musu da tambaya: jiharmu ta biya nata kason ta ɗauko kuɗin UBEC? Malamai nawa za a ƙaro mana? Yaushe za a gina makewayin 'yan mata? Sabulu sati biyu ne ya ƙare, amma shekara huɗu a rayuwar yaro, daga aji biyu ne zuwa aji shida.

Sai ke Hajiya, da Allah ya buɗa wa. Ina da magana da ke, kuma don Allah kada ki ji haushina. Yarinyar nan da aka kawo miki daga ƙauye, wadda ke tashi da asuba ta haɗa wa 'ya'yanki abin tafiya makaranta, ta goge musu takalma, ta raka su bakin mota, shekarunta nawa? Ita ma dokar 2004 ta ambace ta. Amana ce a hannunki, kuma za a tambaye ki. Ki sa ta a makaranta, ko ta yamma ce. In kina neman inda za ki kai sadaka, ga marayun layinku da yunifom kawai ya hana su zuwa aji.

A ƙarshe, mu kanmu kada mu ce lokaci ya wuce mana. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ba ta tsaya koyar da 'ya'yan manyan gida kawai ba. Ta horar da jajis, dattawan mata, ta riƙa tura su ƙauyuka suna kai wa matan aure karatu har cikin ɗakunansu, abin da aka sani da 'Yan Taru. Wato kai ilimi inda mara ƙarfi yake gadonmu ne tun kafin zuwan Bature. In akwai ajin yaƙi da jahilci ko Islamiyyar matan aure a kusa, ki nemi izinin maigida ki shiga. Ku kuma iyayenmu maza da na san kuna saurare ta gefe, a taimaka a bar su.

Nan za mu dakata sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kafin nan, ga ɗan aikin gida: yau da daddare kowace uwa ta buɗe jakar ɗanta ta duba littafinsa. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. A gaida maigida, a shafa min kan yara.